Mai Cika Layi

Shagon askin manne yake da katangar ofishin 'yan sanda, har in aka buga ƙofar ƙarfen ɗakin da ake tsare mutane sai madubinsa ya girgiza. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai benci, sai kilifa biyu, ɗayar ma cizo take yi, da wata tsohuwar fanka da ba ta da aiki sai kwaso gashi ta zuba wa mutane a kofin shayi. Mai shagon kuwa kowa Mai Aski yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Yana da hannu, wannan ba mai ƙwace masa, amma bakinsa ya fi hannun aiki. Ka zauna a kujerarsa, ka tashi da aski da labarin rabin gari.

Babu kan da ke ofishin nan da bai sani ba. Ya san na Kofur mai amosani, ya san na direban motar sintiri da sanƙo ya ci rabinsa, amma wanda ya fi sani shi ne na Sajan, amininsa. Sajan yana da wani ƙullutu a bayan kunnen hagu, wanda in ba ka iya ba reza sai ta taɓa shi, kuma shekara da shekaru Mai Aski yana zagaye shi bai taɓa fitar masa da jini ba. Shi ɗan sanda da zarar ya cire hula ya ji tawul a wuya, mantawa yake yana da sirri. Nan ake zazzage wa Mai Aski wanda aka kama, da wanda za a kama, da wanda ya yi kuka da aka tsare shi. Shi kuma yana ji yana dariya, yana jin kansa ɗan gida.

Akwai wani aiki da yake yi musu bayan aski. Doka ta hana a nuna wa mai ba da shaida mutum ɗaya tak a ce masa wannan ne ko ba shi ba ne. Sai an jera wanda ake zargi cikin wasu masu tsayi da kama irin nasa, shaida ya bi layi ya zaɓa da idonsa. Don kare wanda ake zargi aka yi haka, kuma abu ne mai kyau. To amma ina za a samo mutanen? Wa zai bar sana'arsa ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa? Sai Kofur ya leƙa waje ya tattaro na kusa: mai faci, da mai wankin mota, da Mai Aski. Sauran sukan zo ne suna ƙunƙuni, wata rana ma su ɓuya. Mai Aski kuwa ko kan mutum yake yi sai ya bar shi rabi da rabi, ya karkaɗe riga ya tafi cika layi. Daɗi yake ji, wallahi. Ya tsaya ya haɗe rai kamar ɓarawon gaske, ya dawo shago yana kwaikwayon yadda gwiwar mai laifin take rawa.

Mutum ɗaya ce take hana shi jin daɗin abin, wata lauya siririya mai ƙatuwar jaka, daga cikin masu tsaya wa marasa hali kyauta. Takan zo ofishin ta duba waɗanda ke tsare a bayan kanta, ta tambayi tun yaushe aka kawo su, ko an bar su sun ga 'yan uwansu. Mai Aski ya sa mata suna Uwar Ɓarayi, yana faɗa har ta ji. Ta taɓa tsayawa a bakin shagonsa ta ce masa ya daina shiga layin nan, ba wurin wasa ba ne. Ya ce mata shi ba ya tsoron layi tunda bai ɗauki na kowa ba. Wannan allon ma da aka kafa a bangon ofis, mai cewa wanda aka kama yana da 'yancin yin shiru, da 'yancin ganin lauya, da 'yancin a kai shi gaban alƙali ba tare da ɓata lokaci ba, a wurinsa duk gatan da ake yi wa miyagu ne. Mutumin kirki me zai yi da shiru?

Ana nan aka yi fashi a wani shagon magani da sassafe, lokacin da matar da ke da shagon take buɗewa. Aka kashe mai gadinta, tsoho. Ita aka tura ta ƙarƙashin kantar shagon, amma kafin nan ta ga fuskar mutum ɗaya, gani na ƙiftawar ido. Gari ya ɗauki zafi, manya daga sama suka sa Sufeton ofishin a gaba, kullum waya, kullum ina aka kwana.

A makon ne Sajan ya zo aski, shagon ba kowa. Yana jin kilifa a ƙeyarsa ya fara. Ya ce abin da ya gani a shagon nan ya hana shi cin abinci: audugar shagon suka cusa wa tsohon a baki, suka naɗe da bandeji, sannan suka ƙure muryar 'yar rediyonsa don kada a ji motsi, har 'yan sanda suka iso rediyon tana ta waƙa a gefen gawar. Sai kuma ya dafe hannun Mai Aski ya ce don Allah wannan ta tsaya a nan. Sufeto ya hana a fitar da maganar auduga da rediyo, ko 'yan jarida ba a gaya wa ba, don da ita za a gane mai laifin gaskiya in ya yi suɓul da baka, kuma duk ɗan sandan da ya fitar da ita a bakin aikinsa. Mai Aski ya rantse. Abin takaici, ya kuma cika alkawari. Mutumin da bai taɓa riƙe magana ta kwana a cikinsa ba, wannan ɗaya ya riƙe ta gam, ko matarsa bai gaya wa ba, saboda amana.

Aka kamo wani, aka jera layi, Mai Aski na ciki. Mai Magani, wato matar da ke da shagon, ta zo, ta bi su da ido cikin hawaye ta ce ba ta gane kowa ba. Aka sake kamo wani, aka sake jerawa, ranar mai faci ya ɓuya aka sa wani direba a madadinsa, amma Mai Aski na nan a tsaye. Nan ma ta girgiza kai. A karo na uku duk sauran baƙin fuska ne, an kwaso su daga tasha, shi kaɗai ne tsohon hannu. Babu wanda ya yi tunanin komai a kan haka, don haka aka saba yi.

Matar ta taho a hankali, ta wuce na farko, ta wuce na biyu, ta zo kansa ta tsaya. Shi kuma da yake ya saba ganinta, har tausayinta yake ji, sai ya ɗan sakar mata fuska.

"Wannan," in ji ta. "Na san fuskar nan."

Kofur ya tuntsire da dariya, Mai Aski ma ya yi. Sufeto ne kawai bai yi ba. Ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce fuskar nan tana ganinta ko ta rufe ido. Ba ƙarya take yi ba, baiwar Allah, ta gan ta kam, sau biyu, a wannan ɗakin. Mai Aski ya waiga ya nemi idon Sajan don su yi dariyar tare, ya tarar Sajan yana duban silin.

Sufeto mutum ne mai tsari, ba ya duka, ba ya zagi. Ya ce Mai Aski ya ɗan shigo ofishinsa su yi magana. A baranda suka ci karo da lauyar nan, ta riga ta ji abin da ya faru. Ta tare shi ta ce kada ya ce uffan sai ta zauna a gefensa, ko gaisuwa ce ya bari ta zo tukuna.

"Haba Uwar Ɓarayi," ya ce yana dariya. "Ni da gidanmu? Je ki ji da 'ya'yanki."

A ciki aka ba shi kujera, har da ruwan sanyi. Sufeto ya ajiye na'urar ɗaukar magana a kan tebur ya kunna, ya karanto masa duk abin da ke allon nan, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce yana da damar ya yi shiru. Ya ce duk abin da ya faɗa za a iya kawo shi a kotu. Ya tambaye shi ko yana son lauya, ga ma wata a waje. Mai Aski ya matso da bakinsa kusa da na'urar, yadda za ta ji da kyau, ya ce ba ya so, lauya na masu laifi ne.

Daga nan bakin ya ɓalle. Ya ba da labarin inda yake a safiyar, wato a kan hanyarsa ta zuwa shago shi kaɗai, kamar kullum. Ya ba Sufeto shawarar inda ya kamata a nema. Yana so ya nuna shi fa na ciki ne, ya san aiki, ba irin mutanen da ake yi wa tambaya ba ne. Ya ce ranka ya daɗe, ai kai ma ka san ba aikin irinmu ba ne, mutumin da zai cusa wa tsoho auduga a baki ya ƙure rediyo, ai wannan ya daɗe yana yi.

Sufeto ya ajiye biron da yake juyawa. Ya tambaye shi a hankali wa ya gaya masa maganar rediyo.

Nan Mai Aski ya farga. Ya tuna hannun Sajan a kan nasa, ya tuna 'ya'yan Sajan da yake yi wa aski tun suna rarrafe. Ya ce a gari ya ji. A bakin wa? Ya ce ya manta, shagon aski ne, kowa na magana. Sufeto ya sa aka zagaya unguwar, aka tambayi mai faci, da mai wankin mota, da masu zaman benci, har da matarsa. Babu wanda ya taɓa jin maganar auduga ko rediyo. Ina za su ji, tunda ya riƙe amana?

Kafin la'asar an karɓe masa bel da takalmi, ya koma bayan kanta. Ƙofar ƙarfen da ya saba ji daga shago aka buga a bayansa, kuma abin da ya fara zuwa ransa shi ne madubinsa yana can yana girgiza. Washegari Sajan ya zo wucewa da safe kamar mai duba makulli, ya tsaya jikin ƙarfen ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya rufa masa asiri kada ya ambaci sunansa, saura ƙiris ya yi ritaya, in aka kore shi yanzu ya tashi a tutar babu. Ya ce abin ba zai je ko'ina ba, shi zai gyara ta ciki. Mai Aski ya yarda. Sai a lokacin ya fara amfani da 'yancinsa na yin shiru, a inda shirun zai kashe shi.

Ba a tauye masa komai ba, wannan kam a faɗi gaskiya. An kai shi gaban alƙali cikin lokacin da doka ta yanka. An karanta masa tuhuma da harshen da yake ji. An gaya masa laifin kisa ba a cika ba da beli a kansa ba, aka wuce da shi gidan yari jiran shari'a. An bar matarsa tana zuwa. Takan zo da ƙaramarsu a goye, ta ce ta je wurin Sajan ya ce a ƙara haƙuri, ana kan abin. Tun tana faɗa da ƙarfi har ta koma faɗa tana kallon ƙasa. Daga baya ta ce in ta je gidansa sai a ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a ƙofa.

Wadda ta zo ba a kira ta ba ita ce Uwar Ɓarayi. Ta ajiye jakarta ta zauna, ba ta tuna masa da komai ba, shi ma kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Watanni sun shuɗe kafin ya iya buɗe baki ya gaya mata daga ina maganar rediyo ta fito. Ta ce da a ranar farko ya faɗa, da wata magana ce. Yanzu ga muryarsa a na'ura yana cewa a gari ya ji, duk abin da ya faɗa daban za a ce ya canza magana ne don ya ga uwar bari. Amma ta ce za ta sa kotu ta kira Sajan, a rantsar da shi. Mai Aski ya ji sanyi a ransa. Ya san Sajan. Yana iya ɓuya wa mace a gida, amma ba zai rantse ya kalle shi ya yi ƙarya ba.

Ta nemi waɗanda suka tsaya tare da shi a layukan farko. Ofis ya ce ba a rubuta sunan masu cika layi, mutanen gari ne kawai masu taimakon hukuma. Mai faci ya ce shi bai taɓa taka ofishin ba a rayuwarsa. Mai wankin mota ya tattara bokitinsa ya koma wata unguwa. Ba za ka zarge su ba, sun ga abin da layi ya yi wa wanda ya fi su shiga.

Ranar shari'a kotu ta cika, don a bainar jama'a ake yi, wannan ma haƙƙinsa ne. Mai Magani ta shiga akwatin shaida. Lauya ta tambaye ta, cikin lallashi, ko ta tuna ta ga wannan mutum a layin farko da na biyu. Ta ce a waɗannan ranakun kuka take yi, ba ta san wa ta gani ba, amma wannan fuskar ita take zuwar mata a barci. Ta nuna shi da yatsa tana kuka, ta ce tsohon nan shi ya yi mata gadi tun tana amarya. Mutane suka yi ta tsaki suna kallon Mai Aski. Sannan mai gabatar da ƙara ya kunna na'ura. Muryarsa ta cika kotun, garau, cike da raha, tana cewa lauya na masu laifi ne. Wasu suka yi dariya. Da aka zo wurin auduga da rediyo ba wanda ya ƙara yi.

Aka kira Sajan. Ya shigo cikin kaki mai guga, ya cire hula ya rantse. Da ya juya zai fuskanci alƙali sai Mai Aski ya ga ƙeyarsa. Wani ne ya yi masa askin, layin a karkace, kuma an yanke ƙullutun nan, ga ɗan ɓawon jini a kai. Wai har a wannan hali sai da abin ya dame shi.

Lauya ta tambayi Sajan ko ya san wanda ake tuhuma. Ya ce ya san shi, yakan yi aski a wurinsa kamar kowa. Ko ya taɓa yi masa maganar wannan bincike?

"Ban taɓa ba. Ba na maganar aiki a waje."

Ko ya ga wanda ake tuhuma a layin farko da na biyu?

"Ba zan iya tunawa ba. Mutane da yawa suna shiga."

Bai yi in'ina ba, bai share gumi ba. Mai Aski ya miƙe a inda yake, ya riƙe katakon gabansa, ya ce Sajan ka dube ni. Ya ce a kujerata ka faɗa, tawul ɗina a wuyanka, ka riƙe hannuna. Ya ce ka dube ni mana. Sajan yana kallon alƙali. Alƙali ya buga tebur, ya ce wanda ake tuhuma ya zauna, lauyarsa za ta yi magana a madadinsa, kuma yana tuna masa cewa yana da 'yancin yin shiru.

Hukuncin bai zo da mamaki ba. Alƙali ya ce ga shaidar gani da ido, ga sanin abin da ba wanda ya sani sai wanda ya aikata, ga magana biyu daga baki ɗaya. Ya yaba wa Sufeto da ya bi ƙa'ida tun daga farko har ƙarshe. Ya yanke masa ɗaurin rai da rai, ya kuma sanar da shi yana da damar ɗaukaka ƙara. Lauya ta ce za ta ɗaukaka, amma da ya tambaye ta da wace sabuwar hujja, sai ta hau gyara takardun jakarta.

A gidan yari aka ba shi kilifa, shi yake yi wa fursunoni aski a ƙarƙashin wata rumfa. Hannun na nan yadda yake. Bakin ne ya mutu, har sababbin zuwa suna ɗauka kurma ne.

Wata ranar ziyara matarsa ta zo ita kaɗai, ta rame, ta zauna a ɗaya gefen ragar ƙarfen. Ta ce mai gidan haya ya ba da shagon ga wani sabon mai aski da ya zo daga nesa, da kujerar da madubin duka. Mutum ne mai fara'a, in ji ta, yana da mata da jariri. Ta ce shekaranjiya ta bi ta wurin, ta ji Kofur yana ƙwala masa kira ta kan katanga, wai in ya gama kan da yake yi ya zo ya cika musu layi, shi kuma ya amsa da murna yana cewa ga shi nan tafe.

Mai Aski ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ya tambaye ta ko ta gaya wa sabon mai askin kada ya shiga layin.

Ta ce ta tsaya, wallahi ta tsaya, har ta sa ƙafa a bakin ƙofar. Sai wanda ke kan kujerar ya ɗago kai daga cikin tawul, ashe Sajan ne. Ya dube ta ta cikin madubi, ya tambaye ta ya yara.

"Me kika ce?"

"Na ce suna lafiya," in ji ta. "Na wuce."